Wayar Tebur: Yadda Ake Girka Ta da Abin da Ke Sa Ta Yin Shiru a Ofis

A ofisoshin gwamnati da dama, tun daga sakatariyar jiha har zuwa ofishin magatakardan makaranta, akwai wata waya da ke zaune a kusurwar tebur, fayil-fayil sun danne ta, ƙura ta rufe maɓallanta. Idan baƙo ya tambaya sai a ce masa ai ta daɗe da mutuwa, sa'an nan a karanto masa lambar wayar hannu ta wani ma'aikaci. Ran da aka yi wa ma'aikacin nan canjin wurin aiki, ko kuwa ya yi ritaya, lambar ta bi shi gida ke nan. Mai bin takardar fansho ko sakamakon jarrabawa sai ya biya kuɗin mota ya zo da ƙafarsa, domin tambayar da minti biyu ya ishe ta. Lambar wayar tebur kuwa ta ofis ce. Ko wa aka ɗora bisa kujerar, ita za a buga a same shi.

Gaskiya ne cewa yawancin waɗannan wayoyi layinsu ne ya mutu tare da kamfanin da ya ja shi. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai cikin 1960, layukan tarho da ke ƙasar duka ba su kai 19,000 ba, suna hannun Ma'aikatar Gidan Waya da Tarho. Cikin 1985 aka ware sashen tarho na ma'aikatar, aka gama shi da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka kafa NITEL. Har zuwa 2001 layukan da ke aiki wajen 400,000 ne kawai, ga jama'a fiye da miliyan 100. A watan Janairun shekarar ne aka sayar da lasisin wayar hannu, a watan Agusta kuma kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Daga nan NITEL ya yi ta ja da baya har aka miƙa kadarorinsa ga kamfanin NATCOM cikin 2015. Duk da haka wayar tebur ba ta ƙare ba. Asibitoci da bankuna da otal-otal da jami'o'i suna da akwatin raba layi na cikin gida, wanda ake kira PABX, da ke haɗa ɗaki da ɗaki ba tare da an biya ko kwabo ba. Kamfanonin da ke kawo intanet ta zaren gilashi su ma sukan ba da lambar girke tare da shi. A irin waɗannan wurare, wayar da aka yanke wa hukuncin mutuwa sau da yawa lafiyarta ƙalau, haɗin ne aka yi ba daidai ba, ko kuwa wani ɗan maɓalli ne aka bari a inda bai kamata ba.

Igiya biyu da rami biyu

Wayar tebur ta zamani, mai allon nuna lamba da lasifika da ma'ajiyar lambobi, takan zo da igiya biyu a cikin kwalinta. Mai lanƙwasa kamar tsatsar gashi ita ce ke haɗa kan waya da gindinta. Miƙaƙƙiyar ita ce ke fita daga ramin da aka rubuta wa LINE zuwa soket na bango. Kan igiyar mai lanƙwasa ya ɗan fi na ɗayar ƙanƙanta, saboda haka yakan shige ramin layi ya zauna kamar wurinsa ne, kuma wannan shi ne kuskuren da aka fi yi ran farko. Har ila yau, wayar da aka ƙera domin kasuwar Ingila takan zo da faffaɗan kai wanda ba ya shiga soket irin na Amurka da ya fi yawa a nan, kuma ko da an sami igiyar da ta shiga, ba lalle ne zaren cikinta ya faɗa bisa haƙoran da wayar ke bukata ba. Dalili ke nan da ya sa ya fi kyau a yi aiki da igiyar da ta zo tare da wayar.

Kafin a cusa kome a bango, wajibi ne a tambayi mai kula da wayoyin ofis ko wane irin layi ne ke bayan soket ɗin. Akwai wayoyin da aka yi su domin akwatin raba layi na kamfani guda kaɗai, ba su aiki a layi na kowa da kowa. Akwai kuma masu tafiya ta igiyar kwamfuta, waɗanda raminsu ya fi faɗi. Wayar gama-gari da aka cusa a ramin da ba nata ba, in an yi sa'a shiru kawai za ta yi, in ba a yi ba tana iya lalacewa.

Da zarar an haɗa, sai a ɗaga kai a saurara. Doguwar ƙara marar yankewa alama ce cewa layi ya buɗe, yana jiran lamba. In ba a ji ta ba, a hura iska a bakin wayar. Wanda ya ji hucinsa a kunnensa ya tabbata akwai wuta a layin, matsalar tana wani wuri dabam. Wanda bai ji kome ba, ya ɗauko wata waya da aka san tana aiki ya gwada a soket ɗin. Wannan ɗan gwaji na minti ɗaya yana raba gardama tsakanin laifin waya da laifin layi, kafin a rubuta takardar neman sayen sabuwa.

Batun wutar nan yana da muhimmanci, domin a nan ne tsohuwar wayar girke ta yi fice. Layin jan ƙarfe yana ɗauke da wutarsa, kimanin bolt 48, daga manyan batura da ke cibiyar haɗa waya. Idan kira ya shigo, cibiyar ta aiko da wata wuta mai ƙarfin bolt 70 zuwa 90 ta kaɗa ƙararrawa. Shi ya sa a zamanin NITEL ana iya ɗauke wutar lantarki a unguwa gaba ɗaya, amma wayar tana ta ƙara a cikin duhu. Baturan da ake sa wa a ƙarƙashin wayar zamani, a yawancin samfura, na allo ne da agogo da ajiyar lambobi, magana ba ta dogara da su ba. Sai dai a riƙa cire igiyar layi kafin a buɗe murfinsu, kuma kada a bar su su shekara a ciki har su yi ruwa su cinye ƙarfen da ke riƙe da su.

Ƙananan maɓallai uku

A gefe ko bayan wayar akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa, an rubuta TONE a wannan ɓangare, PULSE a wancan. Tarihinsa ya koma ga wani Ba'amurke mai sana'ar shirya gawa a birnin Kansas, Almon Strowger, wanda ya yi rajistar na'urar haɗa kira ba tare da hannun mutum ba cikin 1891. An ce abin da ya tunzura shi zargi ne cewa mai haɗa waya tana karkatar da masu nemansa zuwa ga abokin gasarsa. A tsarin da ya samo asali daga nan, faifan da ake juyawa da yatsa yana katse wutar layi ne sau goma cikin sakan guda: lamba 3 katsewa uku, sifiri kuma katsewa goma. Tsofaffin ma'aikata za su tuna da ɗan kwaɗon da akan sa wa faifan domin hana kira ba da izini ba, da kuma yadda masu wayo kan buga lamba ta hanyar ƙwanƙwasa mazaunin kan waya da sauri, kwaɗo yana nan a kulle.

Cikin 1963 kamfanin Bell na Amurka ya fito da tsarin sauti, inda kowane maɓalli ke fitar da amo biyu a haɗe. Maɓallin 1, alal misali, yana haɗa amo mai girgiza 697 cikin sakan da mai girgiza 1209. Na'urorin yau da dama wannan harshe kaɗai suke ji. Wayar da aka bari a kan PULSE za ta karɓi kira lafiya lau, amma in an buga lamba sai ƙarar layi ta ci gaba kamar ba a taɓa kome ba, ko kuwa a sami banki a waya, murya ta ce a danna 1, a yi ta dannawa a banza. Maganin abin shi ne a tura maɓallin zuwa TONE.

Na biyu shi ne FLASH, wanda wasu wayoyi ke rubuta wa R. Da shi ake miƙa kira daga wannan ofis zuwa wancan: a danna shi, a buga lambar ɗakin da ake nufi, a sanar da wanda ya ɗauka, sa'an nan a ajiye kai. Abin da maɓallin ke yi shi ne katse layi na ɗan ƙiftawar ido, kuma tsawon ƙiftawar nan shi ne kan magana. Na'urorin Turai galibi suna jiran kashi ɗaya cikin goma na sakan, na Amurka kuwa wajen kashi shida cikin goma. Idan katsewar ta yi gajarta, akwatin raba layi ba zai lura da ita ba. Idan ta yi tsawo, sai ya ɗauka an ajiye waya ne, ya yanke mutumin da ya daɗe yana jira. Sakataren da ake yi wa faɗa kullum wai yana kashe wa manya waya a kunne, mai yiwuwa ne ba shi da laifin kome illa lambar 100 ko 300 ko 600 da ba a daidaita ba a cikin saitin wayarsa.

Na uku shi ne PAUSE, watau dakatawa, kuma amfaninsa yana fitowa wajen ajiye lambobi. A ofishin da ke da akwatin raba layi, akan fara danna wata lamba, galibi 9 ko 0, kafin a sami layin waje, kuma layin yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya buɗe. Mutum yana jira da kunnensa, amma ma'ajiyar waya ba ta jira, sai ta zubo lambobin gaba ɗaya, na farkon su ɓace a hanya. Saboda haka wajen ajiya sai a sa 9, a danna PAUSE, sa'an nan lambar. Ya kamata kuma a sake duba tsofaffin lambobin da aka ajiye, domin tun ran 1 ga Janairu 2024 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta ƙara 02 a gaban lambobin girke. Lambar Legas da ke farawa da 01 ta koma 0201, ta Abuja 0209, ta Kano 02064, ta Kaduna kuma 02062. Lambar gaggawa ta ƙasa, 112, ta cancanci gurbin farko a ma'ajiyar. Wasu wayoyin suna da makullin hana kiran nesa, wanda ke toshe duk lambar da ta fara da sifiri. Da yake kowace lambar wayar hannu a Nijeriya da sifiri take farawa, murɗa makullin nan a yau daidai yake da rufe ƙofar waje gaba ɗaya.

Allon da ba ya nuna lambar mai kira shi ma ba kullum ne laifin wayar ba. Sai kamfani ko akwatin ofis ya buɗe wannan hidima tukuna. A tsarin da ya fi yaɗuwa kuma, lambar tana isowa ne tsakanin ƙara ta farko da ta biyu, don haka mai gaggawar ɗauka tun ƙarar farko ba zai ga kome ba.

Lasifika kuwa tana bukatar ladabi. Wanda ke ɗaya ɓangaren yana da haƙƙin a gaya masa cewa akwai wasu a ɗakin suna ji, tun ba in maganar ta shafi albashi ko ladabtarwa ko lafiyar wani ba. Haka nan wayoyi biyu da aka jona a layi guda, duk wanda ya ɗaga ta biyun yana jin abin da ake faɗa a ta farko. Maɓallin MUTE bakin mai waya kaɗai yake rufewa, HOLD kuma yana ajiye mai kira a gefe har a dawo gare shi. A tabbata wanne aka danna kafin a juya a yi wa na kusa magana.

Yanayi ma yana da nasa rabo. Da hunturu ƙura kan shiga mazaunin kan waya ta hana shi tasowa, sai ofis ya wuni masu kira suna jin layi a cike alhali ba mai magana. Da damina ruwa kan shiga mahaɗar igiyoyi a waje ya kawo ƙarar tsartsatsi a kunne. In ana tsawa da walƙiya, a bar wayar igiya har hadari ya wuce, domin tsawa tana iya biyo igiyar da ta ratso sarari.

Abin da mai girka waya a yau ya fi bukatar sani shi ne cewa tsohon alkawarin nan na aiki cikin duhu ya soma warwarewa. Wayar da aka jona a bayan akwatin intanet ba ta samun wuta daga wata cibiya mai nisa, domin zaren gilashi haske yake ɗauka, ba ya ɗaukar lantarki. In wuta ta ɗauke, akwatin ya mutu, wayar ta bi shi. Haka akwatin raba layi na ofis, haka kuma wayar girke marar igiya wadda gindinta ke cin wutar bango. Ko a Ingila, inda aka tsai da Janairun 2027 domin rufe tsohon tsarin layin jan ƙarfe, wannan batu ne ya fi tayar da hankali saboda tsofaffi da marasa lafiya da ke dogara da wayar gida. Ofishin da ke son lambarsa ta amsa ko da wuta ko babu, sai ya sa kuɗin batirin ajiya ko ƙaramar inbata a cikin takardar sayen wayar tun farko, ya ɗora akwatin intanet da akwatin raba layi a kansa, sa'an nan ya kashe wutar ginin sau ɗaya da gangan, ya ɗaga kan waya ya ji ko ƙarar layi tana nan.