Daga Ina Harshen Esperanto Ya Samo Kalmominsa?

A shekarar 1887 wani likitan ido, Ludwik Zamenhof, ya fito da harshen Esperanto a birnin Warsaw, da saiwoyin kalmomi kusan 900. Aro ya yi. Galibinsu daga Latin da Faransanci da Italiyanci suka fito, kamar "domo", gida. "Hundo", kare, daga Jamusanci ne.

Gwanintarsa tana wajen ɗafi. "Sana" mai lafiya ne. A ɗora "mal-" a farko sai ya koma "malsana", marar lafiya. A ƙara "-ul-" da "-ej-", ga "malsanulejo", asibiti. Saiwa ɗaya, 'ya'ya barkatai, hadda ta ragu.

Sai dai Bature ya fi morar sauƙin nan, don ɗan Afirka ko Asiya dole ya haddace saiwoyin tun daga tushe.