Hanyoyin Kauce Wa Ɓantarewar Itace Wajen Sassaƙa Karkiya Da Ƙota

Manomi mai huɗa da shanu ya san cewa karkiya mara kyau tana iya tsayar da aiki a tsakiyar damina. Idan wurin da ke zama a wuyan sa, gaban tozo, yana da kaushi ko sartse, cikin 'yan kwanaki fata za ta saluɓe, ƙuda su bi gyambon, dole a hutar da dabbar a daidai lokacin da ake buƙatarta. Saboda haka, ko kai ne mai sassaƙar, ko za ka ba kafinta aikin a Bagadaza ko wata unguwa ta Gombe, ya kamata ka san abin da ke jawo wannan matsala.

Me ke kawo ɓantarewa?

Itace yana da jijiyoyi jere kamar daman kara. Idan kaifi ya bi kwanciyarsu, yanka su yake yi. Idan ya tare su ta gaba, sai ya shiga ƙarƙashinsu ya ɗaga, su tsage zuwa ciki, su bar rami. A miƙaƙƙen katako kwanciyar ɗaya ce, amma a wuri mai lanƙwasa tana juyawa da zarar an kai tsakiya. Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki.

Ga ƙa'idar: kullum ka sassaƙa daga tudu zuwa gangare. A kwarmin wuyan karkiya, ka faro daga gefen dama ka gangaro tsakiya ka tsaya, sannan ka juya ka faro daga hagu, su haɗu a ƙasan kwarmin. Kada ka zarce ka haura ɗaya gefen, ko da gizagon yana tafiya da daɗi. A wuri mai doro kuwa, kamar gwiwar ƙotar fartanya, daga ƙololuwa za ka faro ka sauka kowane ɓangare.

Maɗaci da marke sun fi wuyar sha'ani, domin jijiyoyinsu a sarƙe suke, wani layi ya kwanta dama, na kusa da shi ya kwanta hagu. A irin wannan itace babu ɓangaren da za ka bi ka tsira gaba ɗaya. Abin yi shi ne ka yanke da zarto, ka bar kamar milimita 3 a wajen layin da ka zana, ka rage da magagari, sannan ka kankare da faifan ƙarfe mai kaifi kafin samfefa. Kankara ba ta da sauri, amma ba ta ɗaga jijiya. A ganina, wurin zaman wuyan sa ya cancanci wannan haƙuri fiye da ko'ina a jikin karkiya.

Kaifi da huji

Dakusasshen ƙarfe tura itace yake yi maimakon yanka shi, kuma ƙirya kan cinye kaifi da wuri, don haka dutsen washi ya kasance kusa. Mai aiki da magogin katako, na hannu ko na lantarki, ya riƙa ɗiban kaɗan-kaɗan, ɓawon ya fito siriri kamar takarda. Wajen huda ramukan sanda ko igiya, ka ɗaure guntun katako a bayan wurin, ko ka tsaya da zarar tsinin ya leƙo, ka juya ka ƙarasa ta ɗaya fuskar. In ba haka ba bakin ramin zai fashe, ya riƙa cin igiya.

Zaɓen itace

Reshen da ya lanƙwashe tun a kan bishiya ya fi wanda aka yanko lanƙwasarsa daga miƙaƙƙen katako ƙarfi nesa ba kusa ba, domin jijiyarsa ta bi gwiwar ba ta katse ba. Masassaƙan ƙauye sun daɗe da sanin haka. A busar da shi a inuwa, a shafe bakunansa biyu da fenti don kada iskar hunturu ta tsaga shi, a kuma kauce wa mai kulli a daidai wuya.

Malaman gona su tunatar da jama'a cewa waɗannan itatuwa suna ƙaranci. Tun shekarar 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma a 2019 gwamnatin Jihar Gombe ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G. Inda darbejiya za ta wadatar, a yi amfani da ita. Kafin ka karɓi karkiya daga hannun kafinta, ka shafa kwarmin da tsumman auduga gaba da baya. Duk inda zare ya maƙale, a sake kankarewa.