Gyaran jirgin ruwa na zaren gilashi: wane inji ya kamata a saya?

A bakin kogin Isa, daga Ayoru zuwa Yamai har Gaya, jirgin katako ne aka fi sani, amma akwai kuma na zaren gilashi. Ana yin shi ne da zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin ƙaro, aka shimfiɗa hawa-hawa har ya sandare. Ba ya tsatsa, gara ba ta cin shi, sai dai in ya bugi dutse yakan tsage. To, ƙusa da guduma ba su da aiki a nan.

Sirrin gyaran yana ga gurza. Dole a zaftare bakin tsagar a karkace, faɗin zaftarar ya kai kaurin jikin jirgin sau 12. Jiki mai kaurin milimita 5 ke nan yana son milimita 60 ta kowane gefe. In aka gaza haka, facin yana iya ɓamɓarewa a tsakiyar ruwa, da mutane a ciki.

Saboda haka abin da za a fara saye shi ne ƙaramin injin gurza irin na masu walda, mai faifai na milimita 115 ko 125, da sanfefa mai kaushi lamba 36. A zaɓi wanda ake rage ma gudu, domin mai juyi 11.000 a minti yana iya huda jirgin kafin a ankara. Na biyu shi ne injin sanfefa mai karkarwa, na lallashe faci da lamba 80 zuwa 220. Wajen yanka kuwa, gilashi na dakushe zarton ƙarfe nan da nan. Faifai mai bakin daiman ya fi jimrewa.

Ɗan kasuwa mai shigo da kaya da ma'aikaci mai sayen kayan gwamnati su dubi rubutun jikin inji. Wutar NIGELEC volt 220 ce. Injin da aka ƙera don Amurka, mai volt 120, ƙonewa zai yi. A bakin ruwa, mai batir ya fi rashin haɗari.

Saura ƙura. Tana cin injin da ba a hure shi bayan aiki, tana sa ƙaiƙayi, tana cutar da huhu. Duk wanda ya ware kuɗin inji, ya haɗa da na abin rufe hanci mai matata, da tabarau da safar hannu, domin mai gyara ya fi injin tsada.