Yogi Berra, Kocin da Ya Ƙaurace wa Filinsa Shekara 14

Yau shirin namu zai ƙetare teku zuwa Amurka, kuma zai fara ne daga ɗakin canza kayan 'yan wasa a birnin Chicago, a ƙarshen watan Afrilun 1985.

Ƙungiyar New York Yankees ce ta sha kashi a wasan besbol. Kakar wasa ba ta yi nisa ba, wasa 16 kacal aka buga, an ci 6 an faɗi 10. Sai ga babban jami'in ƙungiyar, Clyde King, ya shigo ya keɓe da koci, ya shaida masa cewa maigida ya ce a sallame shi. Maigidan shi ne attajiri George Steinbrenner, wanda ya yi ƙaurin suna wajen canza koci kamar riga. Kocin kuwa shi ne Yogi Berra, mai shekara 59 a lokacin. Cikin 'yan wasan da ke ɗakin har da ɗansa na cikinsa, Dale.

Berra ya san kora, don an taɓa yi masa har sau biyu. Abin da ya ƙona masa rai shi ne aike. Steinbrenner ya yi alkawari a bainar jama'a cewa zai bar shi ya kammala kakar ko ana ci ko ana faɗi, amma da ya tashi saɓa alkawarin bai tako da ƙafarsa ba, bai ko ɗaga waya ba, sai ya turo ɗan saƙo. Berra ya ɗaure kayansa ya koma gida, ya kuma sha alwashin ba zai sake taka filin Yankees ba muddin wannan mutum ne mai ƙungiyar. Shekara 14 ya yi bai taka ba. Shekara 14, jama'a, a filin da ya ci wa kofi 10.

Ga wanda bai san besbol ba, a taƙaice: wani ya jefo ƙwallo da ƙarfi, abokin hamayya ya doke ta da kulki ya ruga ya zagaye zango huɗu. A bayan mai kulkin akwai wani a tsugune da kariyar ƙarfe a fuska, yana cafke ƙwallon da aka kuskure, kuma shi ne ke nuna wa mai jifa da yatsu irin jifar da za a yi. Wannan tsugunon shi ne sana'ar Berra.

An haife shi ranar 12 ga Mayun 1925 a unguwar Italiyawa ta birnin St. Louis. Sunansa na ainihi Lawrence. Iyayensa, Pietro da Paolina, baƙi ne da suka yi ƙaura daga wani ƙauye kusa da Milan, kuma uban leburan gidan gasa bulo ne wanda bai ga abin da wasa zai tsinana wa yaro ba. Lawrence ya bar makaranta daga aji takwas, ya yi aikin gawayi, ya yi na kamfanin takalma. Wani abokinsa ne ya laƙaba masa Yogi, wai yadda yake naɗe ƙafa in ya zauna ya yi kama da masu ibadar Indiya. Ƙungiyar garinsu, Cardinals, ta ba abokinsa kuma maƙwabcinsa Joe Garagiola dala 500 ta ɗauke shi, shi kuwa aka yi masa tayin abin da bai kai haka ba. Ya ƙi. Ya ce sai dai a ba shi daidai da na Joe. Yankees suka biya 500 ɗin suka tafi da shi. Ku riƙe wannan, don halin nan tun yana yaro yake tare da shi.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse komai. Yana da shekara 18 ya shiga rundunar sojan ruwa, kuma da aka nemi masu sa kai don wani ƙaramin kwalekwalen yaƙi mai harba rokoki, ya ɗaga hannu. Tsawon kwalekwalen ƙafa 36, mutum shida a ciki. Ranar 6 ga Yunin 1944, ranar da sojojin ƙawance suka dira a gaɓar Normandy ta Faransa, aka sauke su daga babban jirgi mai suna Bayfield, aka tura su gaba da kowa su yi wa ramukan Jamusawa ruwan wuta domin sojan ƙasa su samu sauka. Shekararsa 19. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa sararin sama ya yi masa kama da wasan wuta na bikin 'yancin kan Amurka, ya leƙo kai yana kallo, sai da hafsansu ya daka masa tsawa ya sunkuya in yana son kan nasa. Da yake mutum ne mai barkwanci, nan ya fi son tsayawa da labarin. Sauran, wato kwanakin da suka yi suna tsamo gawawwakin 'yan uwansu daga ruwa, ba kasafai yake kai bakinsa can ba.

Bayan wata biyu, a farmakin kudancin Faransa, harsashi ya shafe shi a hannun hagu. Sojan Amurka da ya ji rauni a fagen fama yana da lambar girma da ake ba shi. Berra bai cike takardar nema ba. Dalili, in ji iyalinsa, shi ne kada a aika wa mahaifiyarsa saƙon waya hankalinta ya tashi.

Ya dawo ya fara buga wa Yankees ranar 22 ga Satumbar 1946. Gajere ne, kakkaura, 'yan jarida suka yi ta yi masa ba'a kan siffarsa da maganarsa. Tsohon gwani Bill Dickey ya zauna ya koya masa cafka, shi kuma ya amsa wa masu ba'a a fili: kofin World Series, wato gasar ƙarshe ta fitar da zakaran besbol, sau 10, abin da babu ɗan wasan da ya kamo har yau, da kambun gwarzon shekara a 1951 da 1954 da 1955. A 1955 ɗin da Elston Howard ya zama baƙar fata na farko a Yankees, Berra na cikin waɗanda suka fara jan sa a jika, alhali kuwa gurbinsu ɗaya a fili.

A St. Louis ya haɗu da Carmen Short, tana aikin kai abinci a wani gidan cin abinci da ake kira Biggie's. In wasa ya kai shi wani gari sai ya zauna ya rubuto mata wasiƙa, shi da karatu bai dame shi ba. Aka ɗaura aure ranar 26 ga Janairun 1949. Suka zauna a jihar New Jersey, suka haifi maza uku, Larry da Tim da Dale, suka ga jikoki 11. Shekara 65 suna tare.

Aikin koci kuwa ya fara shi da abin dariya. A watan Agustan 1964 Yankees sun sha kashi sau huɗu a jere a Chicago, suna cikin bas za su filin jirgin sama, kowa ya yi jugum. Sai wani ɗan wasa, Phil Linz, ya zaro ƙaramar sarewar baki daga can baya ya hau busa waƙar yara. Berra daga gaba ya ce a daina. Linz bai ji ba, ya tambayi abokin wasansa Mickey Mantle me koci ya ce. Mantle, sarkin tsokana, ya ce ai cewa ya yi ka ƙara sauti. Linz ya ƙara. Berra ya taso a fusace ya kaɗe sarewar daga hannunsa. Aka ci Linz tara, kamfanin da ke ƙera sarewar kuma ya ba shi kwangilar talla. Ƙungiya ta farfaɗo ta kai World Series, ta faɗi a wasa na bakwai, wato na ƙarshe, a hannun Cardinals. Washegari aka kori Berra, kuma ku ji wanda aka ɗauko: Johnny Keane, kocin da ya doke shi.

Ya koma New York Mets, yana mataimakin koci suka ci kofi a 1969. A 1973, yana babban koci, ƙungiyar tana can ƙurya a ƙarshen Agusta, a wannan kakar ce aka ce ya faɗi cewa wasa bai ƙare ba sai ya ƙare. Aka yi dariya. Suka haye har wasan ƙarshe da Oakland. Amurkawa sun fi tuna shi da irin waɗannan maganganu masu kama da shirme, kuma gaskiya sun rage masa daraja, don ɗan barkwanci kawai ba ya kai ƙungiyoyi biyu wasan ƙarshe.

Jarrabawar da ta fi girma a gida ta same shi. Dale ya faɗa shan hodar iblis, sunansa ya fito a wata shari'ar hodar iblis a Pittsburgh a 1985, aka kuma kama shi a 1989. Dale ya ba da labarin yadda uban ya kira shi gida, ya tarar da mahaifiyarsa da yayyensa biyu a zaune, aka ce ya zaɓa, ko ƙwaya ko iyali. Ya ce tun daga ranar bai sake taɓawa ba.

To, mu koma kan shekara 14 ɗin nan, lokaci na neman ƙure mana. A watan Janairun 1999 Steinbrenner ya tako da ƙafarsa, abin da ya ƙi yi a 1985, har gidan tarihin Berra da ke Jami'ar Montclair, ya nemi gafara ido da ido, Carmen na wurin. Berra ya haƙura. Ranar 18 ga Yuli aka shirya masa biki a filin Yankees. Aka gayyato tsohon mai jifa Don Larsen, wanda a 1956, Berra na tsugune a gabansa, ya fitar da masu kulki 27 a jere ba wanda ya taka ko zangon farko, abin da ba a taɓa yi a World Series ba kuma ba a sake ba. Larsen ya yi jifar buɗe wasa, Berra ya ari safar hannun mai cafkar Yankees Joe Girardi ya cafke. Suka hau suka zauna. Kuma a gaban idonsu mai jifar Yankees David Cone ya maimaita wannan bajintar a kan Montreal, mutum 27 a jere, da jifa 88. Lambar rigar Berra 8 ce.

Carmen ta rasu a watan Maris na 2014. Ta taɓa tambayarsa inda yake so a binne shi, St. Louis ko New York ko New Jersey, ya ce ta ba shi mamaki kawai. Shi kuma ya bi ta ranar 22 ga Satumbar 2015 yana da shekara 90, daidai ranar da ya cika shekara 69 da fara buga wa Yankees. A New Jersey aka binne shi. Bayan wata biyu Shugaba Barack Obama ya miƙa wa babban ɗansa Larry lambar yabo mafi girma da Amurka ke ba farar hula.

Nan za mu dakata.