Hannun Gwamnatin Jiha da Ƙananan Hukumomi a Kasuwancin Kano

Fili da haraji da hanya da wutar lantarki su ne suka fi shafar ɗan kasuwa a Kano, kuma akasarinsu ba a Abuja ake yanke shawara a kansu ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar shaidar mallaka. Wannan takarda ce banki ke karɓa jingina kafin ya ba da rance, saboda haka duk watan da ta ƙara a ofis, jarin wani ne ya kwanta.

Ƙananan hukumomi kuwa, waɗanda Kano ke da 44, tsarin mulki na 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. A nan gizo ke saƙa. Motar hatsi da ta taso daga ƙauye takan biya kuɗi a shingaye da dama kafin ta isa kasuwar Dawanau, wani da rasit, wani babu. Direba ba ya biya daga aljihunsa. Kan farashin kwano kuɗin ke komawa. Idan aka haɗe waɗannan kuɗaɗe ana biya sau ɗaya, aka kuma ga amfaninsu a magudanar ruwa da kwashe shara da motar kashe gobara, 'yan kasuwa ba za su guji biya ba.

Babban misalin abin da jiha za ta iya shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da tumatir da alkama suka samu, a bayansu injinan casa suka zo, da dillalai da masu lodi da direbobi. Gwamnati ruwa ta kai, saura kuwa jama'a ne suka yi da kansu, kuma har yau ana cin gajiyarsa.

Rashin wuta na cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙu da majemu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, domin kayan da aka yi da janareto ba sa iya gogayya da na waje a kasuwar Kantin Kwari. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, har da jawo kamfanoni masu zaman kansu su haskaka unguwannin masana'antu kai tsaye.