Sashiko: Yadda Matan Japan Ke Mayar Da Tsumma Bargo

Kafin mu yi nisa, ki leƙa ƙasan akwatinki. Zannuwa nawa ne a jibge waɗanda tsakiyarsu ta sale amma gefensu da sauran ƙarfi? Rigunan yara nawa ne suka yi musu kaɗan? Ga shi kuma duk shekara hunturu na kamawa sai an shiga neman kuɗin bargo. To, yau za mu kai ki ƙasar Japan, ki ga yadda matan karkara suka yi maganin irin wannan matsala da allura da zare kawai.

Sunan ɗinkin sashiko, ma'anarsa 'yan ƙananan suka. Shi ne ɗinkin hannun nan mafi sauƙi, allura ta nutse ta ɓullo, ta nutse ta ɓullo, a kan layi ɗaya. Ya yi ƙarfi ne a zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, musamman a arewacin ƙasar, wuraren Aomori, inda ƙanƙara ke rufe gari wata da watanni. Auduga ba ta yi a can saboda sanyi, don haka talakawa wata irin rama suke saƙawa su sa, ita kuwa iska ratsa ta take yi. A yankin Tsugaru ma, a 1724 hukuma ta hana manoma sanya tufafin auduga. Sai mata suka riƙa cike ƙofofin saƙar da zare, suna ɗora ƙyalle kan ƙyalle, har tufa ta yi kauri ta riƙe ɗumi. Daga baya jiragen ruwan fatake suka riƙa kawo tsummokaran auduga daga kudu, matan na saye suna wankewa suna faci da su.

Irin kayan da suka sha faci ana kiransu boro, wato tsumma. A cikinsu akwai donja, wani ƙaton bargo mai siffar riga, mai nauyin gaske, wanda uwa da uba da 'ya'ya ke kwana a ƙarƙashinsa. Kaka ta fara shi, uwa ta ƙara, jika ta gada. 'Yan kwana-kwanan birnin Edo su ma rigunan sashiko masu kauri suke sawa, a jiƙa su sharkaf kafin su tunkari gobara. Yawanci farin zare ake ɗorawa a kan yadin da aka rina da baba, shuɗin nan da kika sani a marinar Ƙofar Mata. Dabarar kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin lifidin dawakin sarakuna shi ma ɗinki ne ke riƙe auduga tsakanin yadi biyu.

Da arziki ya samu, Japanawa da yawa suka ji kunyar boro, suka zubar ko suka ƙone, don yana tuna musu talauci. Wani manazarci mai suna Tanaka Chuzaburo ne ya bi ƙauyukan Aomori yana tattara dubbansu, aka baje su a wani gidan tarihi a Tokyo daga 2009 zuwa 2019. Yau abin da aka raina ya zama abin kallo, masu kuɗi na rububinsa. Haka kuma bayan ambaliyar teku ta Maris 2011, matan garin Otsuchi da suka rasa muhallinsu sun koma ga sashiko, ya ɗebe musu kewa, ya kuma zame musu sana'a. Ashe dai da tsohuwar zuma ake magani.

To, ta yaya za ki haɗa naki?

Ki tanadi tsofaffin zannuwan auduga, doguwar allura mai faɗin kunne, zaren auduga mai ɗan kauri, alli da abin ja layi. Ki wanke komai tukuna, musamman mai rini, don kada ya zuba a kan farin zare. Ki yanke inda ya mutu, ki harhaɗa masu ƙarfin su zama fuska. Sai ki shimfiɗa hawa uku: zane ɗaya a ƙasa, zani mai laushi ɗaya ko biyu a tsakiya, fuskar a sama. Ki kakkafa su da manyan ɗinki don kada su zame.

Daga nan ki ja layuka da alli, tazarar yatsa ɗaya, ki fara daga tsakiya zuwa gefe. Kowane ɗinki ya zama kamar ƙwayar shinkafa, na sama ya ɗan fi na ƙasa tsawo. Sirrin matan Japan shi ne, ba sa zare allura a kowace suka. Yadin suke tattaro mata, sai ta ɗauki ɗinki da yawa sannan su ja. Bayan kowane ja, ki shafe layin da yatsu don kada ya tattare. In kin zo kwana, ki bar ɗan sako-sako a baya.

Idan hannunki ya faɗa, sai ki gwada zane. Akwai seigaiha mai kama da igiyar ruwa, akwai asanoha mai kama da ganyen ramar tasu, wanda suke yi wa jarirai da fatan su miƙe da sauri kamar yadda take miƙewa. Amma kada ki fara da ƙaton bargo, ki gaji ki yar. Ki fara da na goyo, layi biyu ko uku bayan yara sun kwanta. Sannu ba ta hana zuwa.

Japanawa na da kalmar mottainai, wadda suke faɗa idan sun ga an wofintar da abu mai sauran amfani. Uwargida, faci ba abin kunya ba ne, in dai hannu ya gyara shi. Ki zaunar da 'yarki kusa da ke, ki ba ta tata allurar. Wata rana za ta nuna wa 'ya'yanta wani ƙyalle a jikin bargon ta ce, wannan zanen sunana ne, Mama ce ta ɗinka shi. Allah Ya ba da sa'a.