Da Mudu Ɗaya Ake Awo

Malamai da yawa a Gombe, ciki har da manyana a aikin koyarwa, suna ganin ɗalibin da ya tsaya tsara insha'i kafin ya fara rubutu ɓata lokaci yake yi. Suna da hujja. A zauren jarrabawar WAEC ko NECO ba a jiran kowa, kuma sun sha ganin yaran da suka shagala da zane-zane har aka karɓe takarda. Na yarda da su a nan. Amma in dai insha'in kwatanta abu biyu ne, ina roƙon su sake dubawa.

Na taɓa ba ajina aikin kwatanta Gombe Abba da Gomben yau. Wata yarinya mai kaifin alƙalami ta cika shafi da labarin Modibbo Bubayero da jihadin 1804, ta juya ta cika wani da cunkoson Keke Napep a Jekadafari. Kowane shafi da daɗin karatu, amma ko gaisawa ba su yi da juna ba. Ta auna gero da mudu, dawa kuma da buhu. A kasuwar Tudun Hatsi wa zai karɓi wannan awo?

Washegari na tambaye su: "Da me za mu auna garuruwan nan?" Suka kawo abu uku: inda gari yake, abin da ya ɗaukaka shi, da matsayinsa a yau. Muka ja layi a allo, kowane gari da gefensa. Gombe Abba tana bakin kogin Gongola, can ne fadar farko. Turawa suka mayar da mazaunin sarauta Nafada a 1913, sannan Doma, wato Gomben yau, a 1919, inda garin ya bunƙasa har ya zama babban birnin jiha a 1996. Yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe duk inda fada ta koma, can jama'a ke bi." Jigon insha'inta ke nan, kuma a allon ta tsinto shi.

Tsoron manyana shi ne tsarin da ke cinye lokaci. To, a yi masa iyaka: minti biyar, ma'auni uku, a gefen takarda. Yaron da ya san mudunsa kafin ya ɗauki biro ba ya tsayawa a tsakiyar shafi yana cizon yatsa.